Tunda Akwai Nas a Gida

Cikin duk takardun da Bilkissou ta sa wa hannu ranar da aka ɗauke ta makarantar koyon aikin jinya, mafi gajarta ce ta fi ba ta tsoro. Layi uku ne kacal. Karatun shekara uku aka matse cikin wata goma sha takwas don waɗanda suka riga suka yi digiri, saboda haka duk ɗalibar da ta yi fashin zuwa asibitin koyon aiki fiye da kwana uku, kowane irin dalili gare ta, ta sallami kanta. Ba a maimaita aji. Kuma ba a karɓar wadda ta haura shekara talatin da biyar, ita kuwa saura wata biyu ta haura.

Wata bakwai ta yi tana yawon haɗa takardun nan a ofisoshin Libreville. Yau a ce hoton ya yi duhu, gobe a ce hatimin da aka buga mata a garinsu Garwa bai fito sosai ba. Ta jure. Da aka ba ta farar riga, sai da ta kulle ɗaki ta yi kukan daɗi.

Kada a yi wa mijinta Maitama ƙarya, bai hana ta ba. Murna ma ya yi, har ta yi yawa. Shagon kayan masarufi gare shi a bakin titi a unguwar PK8, kuma kafin Bilkissou ta koyi neman jijiya a hannu, shi ya riga ya naɗa ta likita. Duk wadda ta zo sayen sukari ta ce kanta na sara mata, sai ya gyara tsayuwa ya ce, “Sauka gida, Likita na dawowa da yamma.” Sai ta wuni a tsaye a asibiti, ta sha cunkoson motoci a hanya, ta iso ta tarar da mata uku a kan tabarma suna jiran a auna musu jini. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai shi Maitama yabo yake karɓa.

Haka ta lallaɓa har wata na goma sha ɗaya ba ta yi fashi ko sau ɗaya ba. Sai aka kawo Inna Ƙulu.

Inna Ƙulu mahaifiyar Maitama ce. Daga Kano ta zo wankan jegon 'yarta Kamila a unguwar Angondjé, zaman wata uku ya zama shekara, takardar izinin zamanta ta ƙare ba wanda ya kula. Tana da ciwon suga wanda ya kashe mata jin tafin ƙafa. Wata rana ta taka garwashin da ya faɗo daga kaskon turaren wuta, ba ta ji ba, sai da wari ya tona asirin ƙunar bayan kwana goma.

Gidan Maitama yana can ƙasan gangare, bayan shagon, inda mota ba ta isa. A kan kujera maza biyu suka sauko da tsohuwar, Kamila na biye da akwati da buta.

“Matar Yaya, ga Inna na kawo miki,” in ji Kamila. “Ɗan ƙuna ne a ƙafa. Na ce me za mu je yi a layin asibiti, tunda akwai nas a gida?”

Bilkissou ta durƙusa ta gaida surukarta, ta wanke hannu, ta warware tsumman da aka ɗaure ƙafar da shi. Ramin bai fi bakin kwalba faɗi ba, amma ya yi zurfi, gefensa ya yi fari, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Ta mayar da ƙyallen a hankali ta ja mijinta gefe.

“Malam, wannan ba na gida ba ne. A kai ta asibiti yau.”

“Ke fa mece ce?”

“Ɗaliba ce ni. Wanke ciwo na iya. Wannan sai an duba jininta, an duba ko ya taɓa ƙashi.”

Maitama ya rage murya. “Takardarta ta ƙare tun bara. So kike 'yan sanda su tare mu a hanya, a jefa mini uwa a bayan mota kamar ɓarauniya? Kuma likitocin nan ba su san komai ba sai yanka. Ki fara dai, mu ga abin da Allah zai yi.”

Ta fara. Tana idar da sallar asuba sai ta dafa ruwa, ta wanke ciwon, ta sa magani, ta naɗe da sabon bandeji, ta auna sugan Inna, ta ajiye mata abinci marar sitaci a kusa, sannan ta hau gangaren da gudu ta nemi mota. Tsohuwar mai daɗin zama ce. Ba ta taɓa kiran ta da suna ba sai “'yar nan”, kuma duk wankin da aka yi sai ta sa albarka har Bilkissou ta ji kunya. Da a ce muguwa ce, da abin ya zo da sauƙi.

Abin da Bilkissou ba ta lissafa da shi ba, 'yan dubiya ne. Mutanenmu Hausawa a Libreville ba su da yawa, labari ba ya kwana. Matan Kano suka zo, na Maraɗi suka zo, na Garwa ma ba a bar su a baya ba. A wurinsu kuwa dubiyar mai gyambo ba ta cika sai an ga gyambon da ido. Kowacce ta zauna sai ta ce, “Mu gani, Inna,” ta warware bandejin da hannun da ta riƙe ƙarfen mota, ta yi salati, sannan ta ciro abin da ta ƙullo a bakin mayafi. Wannan garin bagaruwa, waccan man kaɗanya, wata ma ƙwayar magani ta fasa ta barbaɗa garin a ciki. Inna mai kawaici ce, ba za ta iya ce wa baƙuwa a'a ba. Bilkissou ta dawo da yamma ta tarar farin bandejinta a yashe a ƙasan gado, ƙafar na ɗaure da tsumman atamfa.

“Malam, ka yi musu magana,” ta ce da mijinta. “Kullum sai in gyara da safe a ɓata da rana.”

“In ce wa matar Liman kada ta taɓa ƙafar uwata? Da wane bakin? Mutane sun bar sana'arsu sun zo don Allah. In abin ya dame ki, ki zauna mana ki tsare.”

A mako na biyu zazzaɓi ya rufe Inna da safe, tana rawar sanyi har gadon na motsi. Maitama ya leƙo, ya ce sannu, ya ce shago ba ya buɗe kansa, ya fita. Bilkissou ta tsaya da jaka a kafaɗa tana kallon tsohuwar, sannan ta ajiye jakar. Fashi na ɗaya ke nan.

Na biyu ya fi ciwo, don a banza ya tafi. An ce ranar Alhamis matan ƙungiyar 'yan Kano za su zo gaba ɗayansu, sai ta zauna musamman don ta tsare ƙafar. Suka cika ɗakin su goma sha ɗaya. Ta yi bayani da ladabi, suka ce, “Allah ya yi albarka, Likita.” Aka tura ta kawo shayi. Kafin ta dawo da tire, wata dattijuwa sa'ar uwarta ta riga ta warware, tana shafa wani baƙin abu da ɗan yatsa.

“Hajiya, don Allah...”

“Yi shiru, yarinya. Da wannan muka warkar da ƙafar mijina tun ba a haife ki ba.”

Ta tsaya riƙe da tiren, takaici ya cika ta. Ba ta isa ta fizge hannun babba a gaban jama'a ba, a ɗakin uwar mijinta.

Washegari babbar nas mai kula da ɗalibai, wadda suke kira Majo, ta tsayar da ita a baranda. Mace ce marar yawan magana, marar wasa da agogo.

“Biyu,” in ji Majo. “Hannunki ya fi na kowa a ajin nan, shi ya sa nake gaya miki da bakina. Me ke faruwa?”

Bilkissou ta gaya mata, ban da zancen takarda.

“Mai ciwon suga da rami a ƙafa, a gida? Kawo ta. Gobe.”

Ta kai saƙon gida kamar wadda ta samo lada. Maitama ya saurara yana cin tuwo, ya ce za a duba. Da ta matsa, sai ya ajiye cokalin miya.

“Wato kin je kin tallata mu. Wata goma sha ɗaya kina fita tun duku-duku, na taɓa ce miki ƙala? Yau rana ɗaya da karatun zai amfani gidan nan, sai ki ce ba ki iya ba?”

Ta kira Kamila ta roƙe ta ta riƙa zuwa wuni ko kwana biyu a mako. Kamila ta ce sosai ma, ranar Talata tana nan tun da sassafe. Talata ta zo, shida da rabi ta wuce, babu Kamila. Bilkissou ta kira.

“Wallahi matar Yaya, kin ga ruwan da ake yi. Ga goyo. Kuma ni, ke kin sani, ko jini na gani sai in yi amai. Ke Allah ya ba zuciyar abin. Inna ma ta fi sakewa da ke.”

Daga kan gado Inna ta ce, “Je ki makarantarki, 'yar nan. Ba inda za ni.” Tana rufe baki amai ya taso mata. Bilkissou ta auna sugan, ta ga lambar da ba ta taɓa gani ba sai a littafi. Ta cire farar rigar ta rataye, ta ɗauko tsumma da bokiti. Uku ke nan, ba saura.

Daga ranar ta zama kamar mai tafiya a kan igiya. Ta kan zo asibiti da wuri, ta yi aikinta, amma rabin hankalinta na gida. Ta rame. Tana tsoron ƙarar wayarta. A aji ana koya musu alamomin ƙafar da ta fara mutuwa, tana rubutawa tana ganin ƙafar Inna layi bayan layi. Sau huɗu ta sake yi wa Maitama magana a makon nan. Ya ce bayan Juma'a. Ya ce a bari malamin da ke yin rubutun sha ya gama kwana bakwai ɗinsa. Ya ce akwai wani da ya san wani da zai gyara takardar.

Ranar Litinin Maitama ya fita daga masallaci ya wuce tashar jirgin ruwa ta Port Môle, don kayansa sun iso a jirgin ruwa. Bilkissou ta shirya tsaf, ta zo yin wankin safe. Tana warware bandejin warin ya buge ta. Yatsu biyu sun yi baƙi ƙirin, jan kumburin ya hau har ƙwauri. Ta kira Inna, tsohuwar ta buɗe ido ta kira ta da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa.

Ƙarfe shida da kwata. Bakwai ɗalibai ke sa hannu a littafin zuwa aiki, takwas Majo ke rufe shi. Sai wata dabara ta faɗo mata, har ta ji sanyi a ranta: asibitin da za a kai Inna ai shi ne asibitin da take aiki. In suka fita yanzu, ta tsira da tsohuwar, ta tsira da karatunta, a mota ɗaya.

Ta kira mijinta.

“Malam, Inna ba ta gane mutane. Ƙafar ta yi baƙi. Ka ba ni izini in nemi masu ɗaukar ta, mu tafi yanzu.”

Hayaniyar 'yan dako ta cika wayar. “Kada ki fitar mini da uwa ba na nan. Kin ji ko? In aka tare ku, ke mace, me za ki ce musu? Yanzu zan zo.”

“Malam, yau in ban je ba...”

“Uwata na kwance kina yi mini zancen makaranta?” Ya kashe.

Ta fita da gudu ta buga ƙofar maƙwabta. Maza biyu suka fito, waɗanda suka sauko da Inna ran farko. Suka saurare ta da tausayi, suka tambaya ko maigidan ya sani. Ta kasa yin ƙarya. Babban ya sunkuyar da kai.

“Ki yi haƙuri, Likita. Ba a shiga gidan mutum a ɗauke masa uwa bayan ya ce a jira. Ko mun yi don Allah, gobe mu ne masu laifi. Da ya iso, ki aiko, ko muna cin abinci za mu tashi.”

Ta koma ta gwada ɗaga Inna ita kaɗai. Ta kai ta bakin gado, ta dubi gangaren ta taga, jar laka da ruwan jiya ya jiƙa, ta san ko rabi ba za su kai ba. Tsohuwar ta riƙe mata hannu tana cewa, “A jira yaron nan. A jira shi.”

Bakwai da minti arba'in ƙawarta Hawaou ta kira daga asibiti. “Kina ina? Majo ta tambaye ki sau biyu. Ko babu takalmi ki taho!”

Bilkissou na tsaye a bakin ƙofa da farar riga, jaka a hannu. In ta hau gangaren yanzu ta samu mota, wataƙila ta kai. Sai dai ta bar mace mai shekara saba'in, wadda ba ta san inda take ba, ita kaɗai a ɗaki. Gaba kura, baya siyaki. Ta ji numfashin Inna na fita da sauri-sauri a bayanta.

“Ba zan samu zuwa ba, Hawaou,” ta ce.

Ta zauna a ƙasa kusa da gadon tana ɗiga wa tsohuwar ruwa a baki da cokali. Tana kallon agogon bango har dogon hannun ya hau sha biyu, takwas ta cika. Ba ta yi kuka ba.

“Yanzu” ɗin Maitama sai bayan la'asar ta cika, da ya ga an sauke katan na ƙarshe. Da ya ga ƙafar ya yi salati da ƙarfi, ya fita da kansa ya kira maƙwabta. Daga PK8 har asibiti ba wanda ya tare su. A teburin karɓar marasa lafiya suna da shekaru aka tambaya, aka tura gadon ciki.

Likitan ya buɗe ƙafar, ya ja da baya, ya yi tambaya cikin fushi. Majo na tsaye a gefensa. Faransancin Maitama na ciniki ne, ba ya wuce ƙofar shago, don haka ya juyo ga matarsa.

“Me ya ce?”

“Ya ce wa ya bar ta a gida har ta kai haka.”

Maitama ya buɗe hannuwa. “To gaya masa. Gaya masa ke kike duba ta tun ranar farko. Mu ba mu da ilimin abin, abin da kika yi shi muka gani.”

Kowa ya zuba mata ido, ana jiran fassara. Ta dubi mijinta, ta ga ba ƙeta ce a fuskarsa ba, ya riga ya yarda da abin da ya faɗa. Ta juya ga likitan, ta mayar da maganar da Faransanci, kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Inna ta rayu.

A ranar Majo ta kira Bilkissou ofis ta karɓi katinta na ɗaliba. “Na ga wankin da kika riƙa yi,” ta ce. “Ba don shi ba da ba ta kawo jiya ba. Amma kin san mako uku da suka wuce ya kamata ta zo.”

“Na sani, Majo.”

“Dokar ba tawa ba ce. Na yi magana da shugaban makaranta, ya ce in aka ɗaga wa ɗaya, an ɗaga wa kowa.”

Da yamma Kamila ta zo da kular farfesu, tana ƙamshi, ta yi kuka sosai a kan gadon uwarta. Da ta share hawaye ta ji labarin makaranta, sai ta dafa kafaɗar Bilkissou.

“Allah sarki. Amma kin ga ikon Allah, matar Yaya? Dama muna ta tunanin wa zai zauna da Inna a nan, an ce sai ta yi wata guda. Ga shi Allah ya kawo mafita.”

“Haƙuri za ki yi,” in ji Maitama. “Kowa da rabonsa. Abin da kika koya ai ba a ƙwace shi ba, yana kanki. Inna za ta buƙace shi yanzu fiye da da.”

Ba wanda ya ce mata yi haƙuri da abin da muka ja miki. Ba su ga sun ja mata komai ba. A lissafinsu an jarrabe su da ciwon uwa, sun kuma yi sa'ar mace mai amfani. Matan da suka barbaɗa gari a ramin nan har sun fara cewa a unguwa, ai karatun zamani sai a hankali, ga nas a gida amma ƙafa ta tafi. An bar jaki ana dukan taiki.

Aka shimfiɗa mata tabarma a gefen gadon Inna, a ɗakin da ta yi wata biyu tana aiki. Ranar Alhamis da safe ɗalibai suka shigo zagaye cikin fararen riguna, Majo na biye. Hawaou aka ba wankin dungulmin. Ta kasa haɗa ido da ƙawarta, har ta kai almakashin da ya taɓa tsohon bandeji za ta yanki sabo da shi.

“Ba wannan ba,” in ji Bilkissou, ta miƙe, hannunta ya riga ya nufi tiren kayan aiki.

“Madam,” in ji Majo, ba tare da ta ɗaga murya ba. “'Yan'uwan marar lafiya a waje suke jira.”

Bilkissou ta janye hannunta. Ta naɗe tabarmar, ta sa takalmi, ta fita baranda ta zauna a benci cikin sauran masu jinya, aka ja labule.